Darasin Azare Ba Fistol A Aljihu Ba Ne

A watan Fabrairun 2025, a wajen wata lacca a Abuja, shugaban hukumar DSS, Adeola Oluwatosin Ajayi, ya kawo misali da garin Azare. Ya ce a lokacin da yake daraktan hukumar a Jihar Bauchi, 'yan Boko Haram sun shigo garin suna harbi, mutanen gari kuwa suka ƙi gudu, suka bi su, aka kashe wasu daga cikinsu amma suka gama da maharan, har da na ƙarshen da ya haye bishiya. Ya ɗora da cewa jami'an tsaro ba za su iya tsare kowane ƙauye ba, don haka a duba yadda al'umma za ta zama garkuwar farko. Maganar ta yi wa mutanen ƙasar Katagum, inda Azare take, daɗi, kuma sun cancanci yabon. Sai dai akwai masu fassara ta da cewa lokaci ya yi da kowane magidanci zai nemi 'yar ƙaramar bindiga ya soke a ƙugu, ya saki riga a kai, har ana muhawarar wacce ta fi sauƙin ɓoyewa. A ganina wannan fassara ta kauce wa abin da ya faru a Azare, kuma wanda ya bi ta zai ƙara wa gidansa haɗari ne.

Doka dai ba ta bar wurin zaɓi ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da danginta na mafarauta suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar harbin tsuntsaye da ta farauta, irin mai baki biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa an jera su a sahu ɗaya da bindigar soja da gurneti, cikin makaman da aka haramta, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa kansa ake riƙe su, kuma hukuncin wanda aka kama da su babu izini ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Ko lasisin aji na biyun ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da shi a 2023. Ke nan ɗan kasuwar Azare da ya ce zai zaɓi fistol, a hannun mai fasa-ƙwauri ko maƙerin ɓoye zai zaɓe ta, wato kuɗinsa zai shiga aljihun mutanen da ke sayar wa 'yan fashi makami. Ranar da aka tare motar da yake ciki a shingen bincike tsakanin Azare da Potiskum aka laluba shi, babu ɗan sandan da zai saurari cewa don kare kai ya saya.

Mai musu zai ce doka ta tsufa, a gyara ta. To, a ɗauka an gyara. Sai mu tambaya, wace irin barazana fistol za ta kawar? Mutanen Azare ba su manta da ƙarshen 2014 ba, lokacin da bama-bamai suka tashi a tashar mota, da gaban banki inda jama'a ke layin cirar kuɗi, da Kasuwar Jagwal ta masu sayar da waya. Da kowane mai shago a kasuwar nan yana da bindiga a aljihu, ba abin da za ta hana, domin mai ɗauke da bam ba ya sallama. Masu garkuwa da mutane kuma da tsakar dare suke zuwa, su da yawa, a kan babura, da AK-47 wadda ke cin nisan ɗaruruwan mita, alhali fistol a hannun wanda bai ƙware ba da ƙyar take samun abin da ya wuce faɗin tsakar gida. Magidancin da ya fito da ita a gabansu ya ba su dalilin buɗe wuta a kan iyalinsa, in sun tafi kuma su tafi da ita. A labarin da shugaban DSS ya bayar, abin da ya karya maharan shi ne yawan jama'a da fitowarsu lokaci guda. Wannan ƙarfi ne na taro, fistol ɗin ɓoye kuwa makamin mutum ɗaya ce wanda ko maƙwabcinsa bai san yana da ita ba.

Inda ta fi yin aiki, abin takaici, shi ne cikin gida da cikin fushi. Amurka ce ake yawan kafa hujja da ita, domin a can ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye abu ne da doka ta amince da shi, kuma a 2022 Kotun Ƙolinsu ta ƙara faɗaɗa 'yancin fita da ita. Amma alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabinsu kuma da hannunsu suka harbe kansu. Binciken da Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya gano cewa gidan da ke da bindiga ya fi fuskantar haɗarin a yi kisa a cikinsa da kusan ninki uku, kuma galibi a hannun ɗan gida ko wanda aka sani. Wannan fa a ƙasar da ake da akwatunan ƙarfe na ajiya da filayen koyon harbi. Mu kuwa gidajenmu cike suke da yara, ɗaki ɗaya ne ma'ajiyar komai, kuma muna da rikicin gado, da na iyakar gona, da na makiyayi da manomi duk kaka a bakin fadama, ga 'yan sara-suka da 'yan siyasa ke tayarwa idan zaɓe ya ƙarato. Faɗan da a yau ke ƙarewa da ɗinki a asibiti da sulhu a gaban dagaci, gobe da jana'iza zai ƙare.

Hujja mafi ƙarfi da masu son bindiga ke da ita ba ta raini ba ce. Suna cewa ɓarawo bai taɓa neman lasisi ba, mai bin doka kaɗai aka ɗaure wa hannu, manya kuma suna yawo da 'yan sanda a bayan mota, talaka ya kira caji ofis a ce babu mai. Gaskiya ne, kuma wannan takaici ne ya sa Janar T. Y. Ɗanjuma ya ce wa mutane su kare kansu a Jalingo a 2018, Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗi irin haka a Katsina a 2021, Gwamna Bello Matawalle kuma ya ce a raba takardun neman lasisi a masarautun Zamfara a 2022, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Amma Zamfarar ce ta fi kowa sanin abin da ke biyo bayan makami marar mai tsawatarwa. 'Yan sa-kai sun fara ne da sunan korar ɓarayin shanu, sai aka koma kama Bafulatani a kasuwa a kashe ba shari'a, ramuwar gayya ta biyo baya, wutar da har yau ba ta mutu ba. Shi ya sa da Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara kuma ta ƙaddamar da Askarawa a 2024, sai suka bi hanyar tantancewa da horo da kaki da albashi. Su ma ana kuka da wasu ayyukansu, amma aƙalla akwai wanda za a kama a tambaya.

Wannan hanya ce ta dace da Katagum, kuma ba baƙuwa ba ce a nan. Masarautar da Malam Zaki ya kafa, wadda hedkwatarta ta dawo Azare a 1916, tana da mai unguwa da dagaci da hakimi waɗanda suka san ɗan wane ne wane, tana da mafarauta da 'yan banga da suka san daji daga Shira zuwa Gamawa da Zaki. Abin nema shi ne a rubuta sunan kowane ɗan sintiri da shaidar mai unguwarsa, a shigar da Fulani makiyaya cikin tafiyar tun daga farko, kada a mai da su abin farauta, a ba su irin bindigar da doka ta yarda da ita, da lamba, a fitar da ita da dare a mayar ma'ajiya da safe a ƙirga harsashi, wanda ya yi harbin ganganci kuma ya tsaya gaban alƙali. Gwamnatin Bauchi na iya ɗaukar nauyin horo da alawus da babura da wayar sadarwa. Batun lasisi kuwa tsarin mulki ya sa makamai cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka Sanatan Bauchi ta Arewa da 'yan majalisar wakilai na ƙasar Katagum su ne za su kai maganar Abuja, su nemi a buɗe wa ƙungiyoyin sintiri masu rajista ƙofa, a bar fistol a sahun da dokar 1959 ta ajiye ta.