Hunturu Ya Kama, Kada a Kulle Yara a Ɗaki

 

Ga shi dai hunturu ya sake kewayowa. Tun farkon watan Disamba iska ta juya, ta bar zuwa daga teku ta koma busowa daga arewa, ɗauke da ƙurar nan da masana suka ce mafi yawanta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Sararin Kumasi ya yi fari, leɓɓa sun fara tsagewa, masu koko da ƙosai na Aboabo da Asawase kuwa kasuwa ta buɗe musu. Mun sani idan mutumin Kano ko Damagaram, kai ko na Bolga ma, ya ji muna kukan sanyi a nan, dariya zai yi mana. To amma jikin da ya saba da gumi wata goma, ɗan kaɗan ya ishe shi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, hutun Kirsimeti yana faɗowa daidai tsakiyar wannan lokaci. Mun fi shekara ashirin muna riƙe da alli, kuma kowace Janairu idan aka komo mukan sa yara su rubuta yadda suka yi hutunsu. Yaran 'yan'uwanmu Asante sukan cika shafi biyu: an tafi ƙauye wajen kaka, an shiga gonar koko, an kama kaguwa a rafi. Namu na zango kuwa layi uku ne. Na yi barci, na kalli fim, an aike ni sayen gawayi. Ba laifin yaran ba ne. Mu ba mu da ƙauyen da za a hau mota da safe a isa kafin azahar. Garuruwan kakanninmu suna can bayan iyakar ƙasa biyu ko uku, zango shi ne garinmu kuma shi ne ƙauyenmu. Saboda haka abin da wasu suke samu a banza, mu sai mun zauna mun shirya shi.

Iyaye mata za su ce sanyi suke gudar wa yaran, kuma ba mu ce ba su da gaskiya ba. Wanda ya kwana da yaro mai tari ya san abin da ake nufi. Sai dai ma'aikatan lafiya sun sha faɗa mana cewa mura ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga mutum zuwa mutum, kuma babu inda ta fi saurin yaɗuwa kamar ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, mutum takwas suna shaƙar numfashin juna. Haka ma sanƙarau, wanda lokacinsa ke nan, musamman a jihohin arewa. Yaron da ya kamu da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, asibiti za a nufa da shi nan take, ba a jiran gari ya waye. Bugu da ƙari, muna roƙon a daina shigar da kurfoti ɗaki a rufe don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari wadda take kashe mai barci bai ko farka ba.

To ina mafita? A ganinmu a bar wa sanyi asubarsa. Daga ƙarfe tara, bayan rana ta ɗan yi ƙarfi, zuwa goma sha ɗaya, sa'an nan bayan la'asar zuwa dab da magariba, waɗannan lokuta na yara ne. A shafa musu man kaɗe a ƙafa da leɓe, a sa musu riga mai kauri wadda za su iya tuɓewa idan gumi ya zo, a ba su ruwa su sha ko da ba su nema ba, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da an ji ƙishi sosai ba. Mai asma kaɗai za a tsare a gida ranar da hazo ya yi kauri.

Wasannin kuwa ba sai an saya ba. Da muna yara, langa kaɗai ta isa ta kori sanyi daga jikin mutum: ka riƙe ƙafa ɗaya da hannu, kana tsalle da ɗaya, abokan gāba suna neman ka da kai, ruwa yana neman kaiwa gida. Minti goma za ka nemi inda za ka jefar da rigar sanyi. Kwanan baya mun tambayi ajinmu wa ya san langa, yaro biyu ne suka ɗaga hannu, ɗayan ma ashe sunan wani abinci ya zata. Ga wasan ɓuya, ga kokawa a kan yashi, ga caskele da ampe da muka koya wajen maƙwabta, duk suna nan. Fili ne matsalar, domin gidajen zango sun cinye kowane lungu, abin da ya rage sai kwata. Amma filayen makarantu suna zaune ba kowa duk tsawon hutu. Idan dattawan unguwa biyu suka je suka gai da hedimasta, suka ɗauki alkawarin babba zai tsaya a kan yaran kuma za a share wurin, da wuya ya hana.

A nan sai mun yi wa kanmu faɗa game da 'ya'ya mata. Namiji ko an hana shi zai sulale ya tafi ƙwallo. Mace kuwa hutu a wajenta ƙarin aiki ne: ɗiban ruwa, wanke-wanke, raino, talla. Aiki motsa jiki ne, ba mu musa ba, amma ba wasa ba ne. A ba su ko awa ɗaya da yamma su yi gaɗa da ampe da carafke a tsakar gida, tuwon dare ba zai fasa dahuwa ba.

Sai kuma fita. Abin kunya ne a ce an haifi yaro a Kumasi, ya kai aji shida, bai taɓa shiga gidan namun daji ba, alhali yana nan bayan Kejetia tun 1957, kuma kuɗin shigar yara bai kai na manya ba. Da muka kai namu bara, mun sa musu sharaɗi cewa duk dabbar da aka gani sai an faɗi sunanta da Hausa kafin a wuce. Biri bai ba su wahala ba. A wajen kada aka fara kallon juna. Da aka zo kan kunkuru sai shiru, wannan ya faɗa da Turanci, wancan da yaren Asante, har wata tsohuwa da muka tafi da ita ta riƙe baki ta ce, "Malam, ashe haka abin ya lalace?" Jemagun da suka cika itatuwan wurin ma sai da ta koya musu sunansu. Ranar mun dawo gida jikinmu a sanyaye, ba don hunturu ba.

Gidan tarihi na fadar Manhyia shi ma ya cancanci yini guda. Ginin Turawa ne suka yi shi a 1925 domin Sarki Prempeh na ɗaya bayan ya dawo daga tsibirin Seshel inda suka kai shi, aka mai da shi gidan tarihi a 1995. A nan ne uba zai samu bakin gaya wa ɗansa cewa Musulmi ba jiya suka zo garin nan ba. Turawan da suka ziyarci Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da malamai a fada, kuma layun da ke jikin babbar rigar yaƙin sarakunan Asante rubutun malamai ne. Yaron da ake yi wa gori a makaranta cewa shi baƙo ne yana bukatar ya ji wannan daga bakin mahaifinsa.

Wanda yake da ɗan hali ya gwada tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga gari. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin da ruwan ya taru a ciki. Masuntan wurin har yanzu a kan guntun katako suke zama suna tuƙi da hannu. Mu gida biyar muka yi adashi tun watan Oktoba muka ɗauki shatar torotoro guda, mata suka dafa wake da shinkafa a babbar tukunya, saboda haka abin bai yi wa kowa nauyi ba. Amma mun yi kurakurai biyu da ba mu so ku maimaita. Na farko, don ɗoki muka tashi da sassafe cikin hazo, direba bai ganin gabansa, ga hanyar gangara zuwa Abono mai lanƙwasa, sai da muka tsaya a gefen titi kusan awa guda yara suna rawar ɗari. Na biyu, mun tafi da yara goma sha tara da manya huɗu kacal. Muna shimfiɗa tabarma, wani ɗan shekara bakwai ya riga ya shiga ruwa har ƙirji, Allah ne ya sa wani masunci yana kusa. Tafkin nan tsakiyarsa ta fi zurfin mita saba'in, kuma yaran zango ba su iya iyo ba. Tun daga ranar muka yanke cewa kowane babba yara uku ne nasa, da sunayensu a takarda, a ƙirga wajen hawa a ƙirga wajen sauka.

Wanda ba shi da ko sisi kuwa, ƙafa ba ta cin mai. A ɗauki yara a taka da su zuwa wajen masu ɗaurin goro, a samu dattijo ya nuna musu yadda ake jera shi cikin ganye, ya ba su labarin ayarin jakuna da ke bi ta Salaga zuwa Kano. Da dare a kashe talabijin, a karɓe wayoyi, a zauna tsakar gida kowa da mayafinsa a saurari Gizo da Ƙoƙi. Tsofaffin da suka iya tatsuniya suna nan a ɗakunan baya, ba wanda ya tambaye su ne.

Mun yi magana da wasu malaman makarantun allo a unguwarmu, sun yarda ranar Alhamis, da yake ba karatu, za a fito da yara fili da ƙarfe tara a koya musu langa. Mun samu iyaye mata shida da za su tsaya a kan 'yan mata. Maza kuwa zuwa yanzu mutum ɗaya ne ya ba da sunansa, shi ma ya ce sai in ba shi da fasinja.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.