Yaron da Muke Ɓoyewa a Ɗaki

A yankinmu na Funtua da Malumfashi, idan aka ce "noma", masara da auduga da waken suya ke faɗo wa mutum a rai. A bakin likitoci kuwa, noma sunan wata cuta ce da ke somawa da ciwon dasashi, ta zaizaye leɓe da kumatu cikin 'yan kwanaki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Idan aka gano ta da wuri, magani na kashe ta. Idan aka yi sakaci, mafi yawan waɗanda ta kama ba sa rayuwa. Tun 1999 akwai asibitinta na musamman a Sakkwato, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan.

Wanda ya tsira, likita na iya gyara masa fuska gwargwadon hali. Kallon da zai sha a makarantar allo da ta boko kuwa, wannan ya fi ƙarfin likita. Shi ya sa na ɗauko zancen littafin yara mai suna Wonder, wanda marubuciyar Amurka R. J. Palacio ta wallafa a 2012, aka mayar da shi fim a 2017. Labarin August ne, yaro ɗan shekara 10 da aka haifa da fuskar da ta bambanta da ta sauran yara, wanda ya shiga aji karo na farko bayan ya daɗe yana karatu a gida. Abin da ya fi burge ni shi ne marubuciyar ta bar yaron ya ba da labarinsa da bakinsa, sannan ta bai wa yayarsa da abokansa dama su faɗi nasu. Ta haka mai karatu ke ɗanɗana zafin kallon, ya kuma fahimci tsoron yaron da ke son zama kusa da shi amma yana gudun tsokanar 'yan aji.

Mu fa, me muke ba 'ya'yanmu? A tatsuniyoyinmu, mummunar kama ta Dodo ce, kyakkyawar fuska kuwa ta wadda ɗan sarki zai aura. Sannan ga ɗabi'armu ta laƙaba wa mutum suna daga abin da ya same shi a jiki, har sunan yanka ya ɓace. Uwar da ta san haka, ɓoye ɗanta za ta yi a ɗaki. Ɓoyon nan ke jinkirta zuwa asibiti, shi ne kuma ke raba wanda ya warke da karatu.

Funtua ta fitar da marubuta irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, don haka alƙalami ba baƙo ba ne a nan. Ina kira ga marubutanmu su rubuta wa yara labari da Hausa, jaruminsa ɗan manomi da ya dawo daga Sakkwato da tabo a fuska, mai wayo da ƙiriniya kamar kowane yaro, ya kuma yi magana da kansa. Kafin a samu littafin, malaman firamare da na allo za su iya somawa tun gobe: su kira yaron da sunansa na yanka, su zaunar da shi a tsakiyar sahu, su kuma tsawatar wa duk wanda ya kira shi da laƙabi.