Amsa Ga Malamin Da Ke Son Sayen Tsohuwar Motar Amurka

Wani malamin makaranta daga ƙasar Tudun Wada ya aiko mana da takarda, ya ce an yi masa tallar wata tsohuwar motar Amurka a Kano, irin masu dogon gaba da ƙofa biyu. Tun ran da ya ji kukan injinta, in ji shi, hankalinsa bai koma jikinsa ba. Nufinsa ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kuɗin shinkafar da ya noma bana, ya saye ta don zuwa aiki da kai iyali ganin gida a Doguwa. Ya roƙe mu shawara.

To, Malam, mun gode da takardarka. Ba mu ga laifinka ba, gama motocin nan abin sha'awa ne. Amurkawa kan kira su da wani suna mai ma'anar "mota mai ƙwanji", watau an ɗauki injin babbar mota an ɗora wa matsakaiciya. Wadda a ke cewa ita ta buɗe wannan fage ita ce Pontiac GTO ta 1964, mai silinda takwas, girman injinta lita 6.4, ƙarfinta na doki 325. A shekarar nan ce kuma Ford Mustang ta fito, sa'an nan Dodge Charger da Chevrolet Camaro suka biyo baya a 1966. Yayinsu bai daɗe ba. Da man fetur ya yi tsada a 1973, ga dokokin hayaƙi, ga kuɗin inshora, sai Amurkawa da kansu suka fara ja da baya. Kamfanin Pontiac ma an rufe shi a 2010.

Abu guda ya yi maka daidai: sitiyarinta na hagu ne, mu kuwa tun ran 2 ga Afrilu 1972 muka koma bin hannun dama.

Amma fa ka dubi cikinta. Irin wannan inji, in an ci sa'a, kilomita biyar ya kan yi da lita guda. Tafiyar kilomita 100 ke nan lita 20, inda ƙaramar Toyota ba za ta sha rabin haka ba. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kowane ma'aikaci ya san abin da lita 20 ta ke yi wa albashi. Wannan lissafi kai ma ka iya shi, ba sai mun tsawaita ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne birki, don shi ne mai talla ba ya ambata. Masu ƙera motocin nan sun ba da ƙarfinsu ga gudu, suka yi wa tsayawa rowa. Da yawa daga cikin na farkon sun fito da birki irin na ganga a ƙafa huɗu duka, wanda in aka yi ta taka shi a gangare sai ya yi zafi ya daina kamawa. Waɗanda aka ƙera kafin 1967 kuwa, galibinsu hanyar man birkinsu guda ɗaya ce tak: in tiyo ɗaya ya fashe, ƙafa huɗun nan duka sun tafi. Yanzu ka tuna hanyarka. Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da sauƙi, amma da ka shiga dajin Falgore ka nufi ƙasar Doguwa da duwatsun Riruwai, ga kwana, ga hawa da gangara, ga manyan motoci masu zuwa Jos, ga shanu na ƙetare titi ba sallama. Mota mai nauyi, mai ƙarfin doki ɗari uku a ƙafafun baya, in an yi yayyafi ka ba ta wuta a kwana, gindinta ne zai riga kanta wucewa. Kuma matarka da 'ya'yanka ka ce za ka ɗauka.

Sai zancen gyara. Makanikanmu gwanaye ne, ba mu raina su ba; wanda ya girma a kan Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, kafireto ba baƙonsa ba ne. Amma notunan tsohuwar motar Amurka da inci aka auna su, sufanun garejinmu kuwa na milimita ne. Yaron gareji zai sa wadda ta yi kusa, ya murɗe, ya cinye kan noti. Kayan gyara kuma, in ka rasa a Ƙofar Ruwa, sai dai a aiko maka daga Ikko ko daga Amurka, da dala, motar na jibge a ƙofar gida kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Lagiretonta ya haura shekara hamsin, ga zafin bazara. Daɗin daɗawa, an yi injin ne don fetur mai dalma, wanda duniya duka ta daina sayarwa a 2021. In ba a sake wa bawul mazauni mai tauri ba, doguwar tafiya da gudu tana cinye shi sannu a hankali. Dajin Falgore kuwa ba wurin da mutum zai so ya buɗe bonet da magariba ba ne.

Saboda haka ra'ayinmu, Malam, kada ka sayar da babur. Motar nan dokin hawan salla ce, mai ita sai ya kasance yana da wani abin hawan na kullum. Wanda Allah ya hore wa, ya aje ta, ya fito da ita ran Juma'a ya zaga zuwa madatsar ruwan Tiga ya komo, ba mu hana shi ba, mu ma ma tsaya bakin hanya mu yi kallo.

In kuwa zuciyarka ta ƙi, to, kada ka biya ko kwabo sai ka ga takardun kwastan, ka gwada lambar da ke jikinsu da wadda ke jikin motar. Ka je da makaniken da kai ka zaɓa, ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa. Kuɗin farko da za ka kashe, kafin fenti, kafin kujeru, a kan birki da taya za ka kashe shi.

In akwai wani makanike a Bebeji ko Kiru da ya taɓa kwance irin wannan inji, muna roƙonsa ya rubuto mana abin da ya gani, mu buga. Wasalam.