Labari ɗaya, zamani biyu

A kasuwar ƙagaggun littattafan Kirista ta Amurka, labari mai zamani biyu ya samu gindin zama: babi ɗaya a da, babi ɗaya a yau, wani ɓoyayyen al'amari yana ɗinke su. A The House on Foster Hill na Jaime Jo Wright, wanda Bethany House ya buga a 2017 ya kuma ci lambar yabo ta Christy a 2018, an tsinci gawar wata baƙuwar budurwa kusa da wani tsohon gida a Wisconsin a 1906, wata mai suna Ivy Thorpe ta ƙi bari a binne maganar tare da ita. Bayan ƙarni guda wata daga zuriyar Ivy ta sayi gidan ido rufe, sai ga asirin safarar mata ya fara tonuwa. Kristy Cambron ma a nata littafin na 2014 ta haɗa 'yar goge a sansanin Auschwitz da dillaliyar zane-zane a New York. A ganina ƙarfin salon shi ne ba ya barin zalunci ya kwanta don kawai ya tsufa, kuma imanin da aka jarraba da yunwa da tsoro ya fi wa'azi ratsa zuciya. Inda gizo ke saƙa shi ne ɓangaren yau: sau da yawa jarumar ba ta da aiki sai buɗe akwatin wasiƙu da jiran saurayi. Marubucin da bai ɗora mata nata nauyin ba, gara ya tsaya a zamani ɗaya.