Suna da Tambari Amana Ne

Ya ku malamai da attajiran ƙasar Dutse, ku dubi yadda magabata suka zaɓi alama. A 1949 aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa don raya al'adu. Da ta koma siyasa a 1951, fartanya ta riƙa, shaida cewa gumin manomi ke ciyar da ƙasa. Dagin Arewa kuwa zare ne sarƙaƙƙe, ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa, watau zumuncin da ba ya warwarewa. Babu surar mai rai cikinsa, shi ya sa malami bai ƙyamace shi ba.

To, yau samarinmu sai su kafa ƙungiyar gari, su aro zaki da kambin Turawa, ba su san fassararsu ba. Alhali duwatsu ne suka ba garinmu suna, ga dabino ko'ina. Mai ɗaukar dutse ya yi alkawarin tsayuwa, mai ɗaukar dabino ya yi alkawarin amfanar jama'a. Ku tambaye su ma'anar tambarinsu kafin ku ba su gudummawa. Haza wassalam.