Farar Ciyawa a Gonakin Gobir

Akwai aƙidar da ta yi kaka-gida a tsakanin masu ɗaukar hoton daji da gulbi da sararin sama, wai shimfiɗar ƙasa ba ruwanta da siyasa, aikin mai kyamara kawai ya nemo kyau ya miƙa wa mai kallo. Babu inda wannan aƙida ta fi samun gindin zama kamar hoton hasken infared, wanda a cikinsa itatuwa ke fitowa fari fat kamar an tsefe auduga, sama kuma ta yi baƙi ƙirin da tsakar rana. Yayin wannan hoto ya bazu har wayoyin hannu suna kwaikwayonsa. Duk wanda ya ɗauki aƙidar nan ya nufi Sabon Birni ko Isa da kyamararsa, to ƙarya zai komo da ita, ko da bai yi niyya ba. Dalilin yana cikin halin hasken kansa.

Idon ɗan'adam yana ganin hasken da tsawon zangonsa ya kama daga kimanin nanomita 400 zuwa 700, wato daga shunayya zuwa ja. Gaba da ja akwai hasken da ido bai isa gare shi ba, wanda William Herschel ya gano a 1800 sa'ad da ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan bakan-gizon da ya fitar da gilashi, ya ga ma'aunin ya hau. Sansar kyamarar dijital tana jin wannan haske har wajen nanomita 1,000, shi ya sa kamfanoni ke toshe shi da wani siririn gilashi a gaban sansar. Mai son hoton infared yana da hanya biyu. Ko dai ya ɗaura matacin haske irin Hoya R72 a bakin kyamara, wanda ke tare kusan duk abin da ke ƙasa da nanomita 720, ya kafa kyamarar a kan ƙafa uku ya jira daƙiƙoƙi masu yawa kafin hoto ɗaya ya kammala. Ko kuma ya ba gwani ya kwance ta ya cire gilashin nan gaba ɗaya. Wannan kyamara ba ta ganin zafin jiki, ba za ta nuna wanda ya laɓe a duhu ba. Wancan aikin wata na'ura ce daban. Hasken rana take kamawa bayan ya daki abu ya dawo.

Ɗanyen ganye yana shanye ja da shuɗi domin ya dafa abincinsa, amma yana mayar da kaso mai yawa na infared, saboda yadda ƙwayoyin cikinsa suke da ramukan iska kamar soso. Abin da ke sa shi fari ke nan, kuma an laƙaba wa wannan siffa sunan Robert Wood, masanin Amurka da ya wallafa irin waɗannan hotuna a 1910. Ruwa kuwa shanye hasken yake. Saboda haka Gulbin Rima zai fito kamar an malala tawada, fadamun gefensa kuma su yi haske. Gawo ma zai nuna halinsa na saɓa wa sauran itatuwa: da damina, lokacin da ya kaɗe ganyensa, zai tsaya baƙi a tsakiyar farar gona, da rani kuma ya zama shi ne fari a kan busasshiyar ƙasa. Hoto ne mai ɗaukar ido, babu musu.

Sai dai hasken nan bai san gero ba, bai san tafasa ba. Abin da ya sani ɗanyen ganye. Gonar da aka yi wa noman fari da maimai, da wadda mai ita ya gudu ya bari shekara uku har sabara da kalgo da ƙarangiya suka rufe kunyoyinta, dukansu fari za su fito a watan Agusta, sau da yawa ma saurar ta fi haske domin ta fi cunkoso. A wata ƙasa wannan ƙaramin lamari ne. A gabashin Sakkwato shi ne gundarin magana. A ƙarshen Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. A Disambar shekarar aka ƙone matafiya a cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban Gobirawa sun tsallaka iyaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, waɗanda suka zauna kuma da yawansu sai sun biya haraji ga mutanen Bello Turji da ire-irensu kafin su taka gonakinsu. A irin wannan ƙasa, lumshin daji yana iya zama alamar albarkar damina, yana iya zama alamar cewa babu wanda ya rage ya riƙe fartanya. Hoton infared guda ɗaya yana shafe wannan bambanci, sannan ya yi wa abin da ya shafe ado.

Adon kuwa a kwamfuta ake yinsa. Hoton yana fitowa daga kyamara jajir, kamar an tsoma shi a ruwan zoɓo. Mai gyara zai fara da gaya wa manhaja cewa ciyawa ita ce fari, a daidaita sauran launuka a kanta. Daga nan sai ya musanya tashar ja da ta shuɗi a Photoshop domin sama ta koma shuɗiya yadda ido ya saba. In matacinsa na nanomita 590 ne, ganye ya zama ruwan zinare. In na 850 ne, komai ya koma baƙi da fari. Babu launi ko ɗaya a hoton ƙarshe da ya wanzu a filin da aka ɗauka. Masu kare sana'ar sukan ce ai kowane hoto ana gyara shi. Gaskiya ne, amma mai kallon hoto na yau da kullum yana da idonsa da zai auna da shi. Ya san kalar gero, ya san kalar ciyawa. A hoton infared an ƙwace masa wannan ma'auni, ya zama dole ya gaskata mai gyara. Wanda aka ba wannan amana ba shi da hurumin rubuta "kyawun ƙasar Gobir" a ƙarƙashin hoto ya wuce abinsa.

Wata hujjar ta fi ƙarfi: mutanen yankin sun gaji da a riƙa nuna garuruwansu da gawa da hayaƙi kaɗai, suna da haƙƙin a ga kyawun ƙasarsu. Wannan magana ce mai nauyi. Amma Bagobirin da ke zaman gudun hijira yana kewar gonarsa ne da kalarta, da rumbunsa, da kasuwar garinsu. Farin dajin da babu mutum a cikinsa ba ƙasarsa ba ce, kuma ya fi yi wa jami'in da ke son a ce lafiya ta samu amfani.

Richard Mosse, ɗan ƙasar Ailan, ya shiga gabashin Kongo da fim ɗin Kodak Aerochrome, wanda asalinsa sojoji ne suka yi amfani da irinsa tun shekarun 1940 don bambance ɗanyen ganye da korayen fenti na ɓad da kama. Tsaunukan Kibu suka fito ruwan hoda, aikinsa The Enclave ya wakilci Ailan a baje-kolin Banis na 2013. An soke shi da cewa ya mai da yaƙi abin ƙawa, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka bai ɓoye irin fim ɗinsa ba, bai kuma kore mutane daga hoton ba: mayaƙa da 'yan gudun hijira suna tsaye a ciki. Mai kwaikwayonsa da ya ɗauki launin ya watsar da mutanen ya ɗauki mafi arhar abin da ke cikin aikin.

Hasken nan yana iya ba da shaida, in an tambaye shi yadda ya kamata. A Janairun 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da hotunan tauraron ɗan'adam na Baga da Doron Baga a Barno, ɗaya na ranar 2 ga wata, ɗaya na ranar 7, waɗanda a cikinsu infared ya nuna ɗanyen ganye da ja. Jan ya ɓace tsakanin hotunan biyu, aka kuma ƙidaya gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙone ko aka lalata. A yankin Mobti na Mali, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi amfani da hotunan Sentinel-2 ta gano ƙauyukan da aka daina noma, ta hanyar kwatanta farkon damina da tsakiyarta da kaka. Gonar da ake nomawa tsirara take a watan Yuni, ta cika a Agusta, a girbe ta a Oktoba, kuma tana da iyaka a miƙe. Saura ba ta bin wannan tsari. A duka biyun kwanan wata da kwatance ne suka yi magana.

Abin da ake bin mai kyamara a Sabon Birni da Isa bai wuce haka ba. Ya rubuta ranar da ya ɗauka, da irin matacin, da abin da ya musanya a kwamfuta. Ya ajiye hoto na yau da kullum na wannan fili a gefen na infared, ya komo wurin bayan girbi in hanya ta bari. Ya tambayi manomi ko abin da ya yi fari shuka ce ko ciyawa, ya sa amsar a ƙarƙashin hoton. Ya kuma goge bayanan wuri da kyamara ke binnewa a cikin fayil kafin ya ɗora a intanet, domin hoton da ya nuna wace fadama ce ta yi albarka bana yana iya isa hannun masu sanya haraji kafin ya isa na masu ba da agaji.

In kuma kyau da tarihi yake nema, kufan Alkalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana nan a ƙasar Sabon Birni. Masu binciken kufai sun daɗe suna amfani da infared wajen gano ganuwa da gwalalon da ƙasa ta binne, domin ciyawar da ta tsiro a kan tsohon rami ta fi samun danshi, ta fi daɗewa ɗanya, sai ta zana layinsa da fari bayan ta kewaye ta bushe. Makonnin farko bayan ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba, su ne lokacin da layin ya fi fitowa.