Wasiƙa Zuwa Ga Iyayen Gidan 'Yan Dambe Da 'Yan Kokawa Na Damaga Da Kewaye



Zuwa ga sarakunan dambe, da iyayen gidan 'yan wasa, da masu wuraren ɗaga ƙarfe na Damaga, Maradun, Bakura da Talata Mafara, wannan takarda ƙorafi ɗaya ta ɗauko: horon samarin yau ya tattara a ƙirji da damtse, an bar ƙafa da ƙugu a baya.

Duk wanda ya leƙa wurin atisaye ya san abin da zai tarar. Bututun ƙarfe ne, an zuba masa kankare a gwangwanin fenti hagu da dama. Ga bencin katako, yaro ya kwanta rigingine yana turawa har jijiyar wuya ta fito raɗau. Ƙirji ya buɗe, damtse ya cika. Amma a ce masa ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya rufe ido, a ƙirga masa ashirin, sai a ga ƙato yana tangaɗi yana laluben bango.

A ƙasar da har gobe ake ambaton Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ba sai an koya wa kowa dokar fage ba. Turmi uku ake yi, kuma kisa shi ne a kai mutum ƙasa. Ko hannu ya dafa, ko gwiwa ta taɓa, magana ta ƙare. Ɗan dambe yana tsayawa ne hannun kariya a gaba, hannun zare a baya, yawancin nauyinsa a kan ƙafar baya. Da ya saki naushi, nauyin nan gaba ɗaya zai koma ƙafar gaba cikin ƙiftawar ido. In ya samu, to. In ya kuskure kuwa, babu abin da zai tsayar da shi sai idon sawu da ƙugu. Wanda ya kai duka da ƙafa ma ya fi shiga haɗari, domin a lokacin ƙafa guda ce ke ɗauke da shi. Shi ya sa ba kowane kisa ne ƙarfin naushi ke kawowa ba. Wani ɗan wasan shi ke kai kansa rabin hanya, abokin karawa ya ƙarasa shi da ɗan turi.

A kokawa abin ya fi fitowa fili. Tun 1975 da aka fara gasar takobi ta Jamhuriyar Nijar a Tawa, masu kallo ke ganin yadda ƙaramin jiki ke kayar da babba idan ya iya kafa ƙafa ya sauke ƙugu.

Abubuwa uku ne ke riƙe mutum a tsaye: ido, da wani sashe a can cikin kunne da ke gane juyawar kai, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take. Na ukun nan yana kaifi da horo, yana kuma dusashewa bayan targaɗe. Wannan ne dalilin da ya sa idon sawun da ya taɓa gurɗewa ke yawan maimaitawa, ko da mai ɗori ya gyara, kumburi ya saɓe, ciwo ya tafi.

Masu ƙwallon ƙafa sun riga sun gwada. A 2006 hukumar FIFA ta fito da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda ya ƙunshi tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ƙarfafa ciki da ƙugu, da koyon dira bayan tsalle. Binciken da aka buga a 2008 kan 'yan mata kusan 1,900 a ƙasar Norway ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A nan gida ma, binciken 2014 kan ƙungiyoyin matasa 20 a Legas ya samu ragin kashi 41 cikin ɗari. Ba 'yan dambe aka gwada ba, amma gwiwa da idon sawu iri ɗaya ne.

Abin daɗin shi ne mai horarwa a Damaga ba ya bukatar sayen komai. Ga langa nan, wasan da yara ke yi a dandali tun kaka da kakanni: a riƙe ƙafa ɗaya ta baya, a yi ta tsalle da ɗayar, ana ture juna da kafaɗa. Wannan horo ne cikakke, har ana fafata shi a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa. A mayar da shi cikin atisaye, ana sauya ƙafa, kada bahago ko badame ya saba da gefe guda. Ga kuma yashin gulbi da rani, a ƙasan dam ɗin Bakolori: rairayi yana nutsewa, yana tilasta wa ƙananan tsokokin ƙafa aiki. A can ya dace yaro ya riƙa naushin iska, yana tsayawa cak bayan kowane bugu har a ƙirga uku. A ƙara da tsuguno da ƙafa ɗaya, gwiwa tana kallon yatsu ba ta karkata ciki ba, da tafiya da jarkar ruwa a hannu guda ba tare da kafaɗa ta zube ba. Minti 10 zuwa 15 kafin a taɓa ƙarfe, sau biyu ko uku a mako, ya wadatar.

Sai dai a kiyaye gwanintar banza. Ɗaga ƙarfe mai nauyi a kan taya ko dutse mai girgiɗi yana rage ƙarfin da mutum zai iya fitarwa, ga kuma haɗarin faɗuwa. Nauyi a ƙasa mai tauri, wasan tsayuwa kuma da jiki kawai ko da ɗan kaya mara nauyi.

Akwai kuma amanar da ke wuyan kowane ubangida. Yaron da ya sha naushi a ka, ya tashi yana jiri ko yana tafiya a karkace, ba rashin horo ke damunsa ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza. Kalangu zai zuga shi, kirari zai ɗebe shi, shi da kansa zai rantse lafiyarsa lau. Ubangida ne kaɗai zai iya kwance masa zare a ranar. In ya fara amai, ko ciwon kai ya ƙi sauka, ko yana maimaita tambaya ɗaya, a garzaya da shi asibiti, kuma kada ya koma fage sai likita ya amince.

Jiki yana ɗaukar kamar mako shida kafin a ga canji a tsayuwa. Don haka mai son yaransa su shiga damben kaka da ƙafa kafaffiya, tun damina ba ta ɗauke ba ya kamata ya gwada kowannensu da ƙafa ɗaya, ya riƙe lissafin da kowa ya kai, ya sake gwadawa idan gero ya isa gida.

Allah ya ba da sa'a, ya tsare yara daga rauni. Wassalam.